Yadda zaka rabu da tsofaffin takardun gida ba tare da sirrinka ya faɗa hannun 'yan damfara ba

Duk mai sayen ƙosai ko awara ko tsire a garin nan na Kaduna, in dai yana ɗan duba takardar da aka ƙunsa masa, ya san ba tsohuwar jarida kaɗai ake ƙunshi da ita ba. Wani lokacin takardar jarabawar yara ce, wani lokacin fom ɗin neman aiki, wani lokacin kuma sitatimen ɗin banki ne sukutum, ga suna ga lambar akawun ga adireshi ga albashin da ke shiga duk wata, mai ya jiƙa rabi amma ragowar ana karantawa tsaf. Kuma mai ƙosan ba satowa tayi ba, a kilo ta saya. Mai takardar ne da kansa ya share ɗaki ya cusa komai a buhu, ya ba yaro ya kai bola ko ya sayar wa 'yan jari bola, su kuma aikinsu kenan, su ware roba gefe, ƙarfe gefe a kai kasuwar Panteka, takarda mai tsabta kuma tana da masu sayenta.

Wani zai ce toh sai me, ai lambar akawun ba kuɗi bace. Haka ne, da ita kaɗai ba a cire maka ko sisi. Amma ɗan damfara ba abu ɗaya yake nema ba, tsince-tsince yake. Ya samu cikakken sunanka a nan, ranar haihuwa a can, lambar waya da sunan bankinka a wata takardar, sai ya kira ka da murya irin ta ma'aikaci yace daga banki ne, za a rufe BVN ɗinka yau in baka gyara ba, ya karanto maka ranar haihuwarka da lambobin ƙarshe na akawun ɗinka daidai, kai kuma ganin ya san wannan duk sai zuciyarka ta kwanta, da an turo lambar sirrin nan ta tes ka karanta masa da bakinka. Banki baya tambayar PIN ko OTP a waya, kowa ya sha jin wannan, amma abun da ke sa mutum ya manta shine wancan bayanan da mai kiran ya riga ya mallaka. Ga kuma NIN, tun watan Disamba 2020 da gwamnati tace a haɗa ta da layin waya, lambobin nan 11 sun zama abun da bai kamata su yi yawo a bola ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, har da hukumarta NDPC, amma ita kamfanoni da ma'aikatu take kamawa in sun yi sakaci da bayananka. Abun da ka watsar da hannunka a kwandon shara ba wanda zaka kai ƙara.

Fara da tarawa wuri ɗaya

Ka ware rana da baka sauri. Kar ka bari sai ranar tashi daga gidan haya, mota na jira a ƙofa lebura na cewa alhaji wannan buhun fa, a irin ranar ne ake zubar da takardar fili a ajiye tsohon bil ɗin ruwa. Ka duba ƙarƙashin katifa, saman wadirof, akwatin ƙarfen nan da aka gada, jakar gana-mas-go da ke sito, durowar gaban mota, aljihun tsofaffin jakunkunan hajiya, da tsakanin shafukan littattafai. Ka shimfiɗa tabarma ka zube su, yara kuma a basu wani aikin a waje.

Tantancewa, nan ne aikin yake

Na fi son a daɗe a nan fiye da ko'ina, don takardar da ka bari ka iya lalata ta gobe, wadda ka ƙona kuma ta tafi.

Kashi na farko sune waɗanda ba a taɓawa ko sun yi shekara hamsin, ko gara ta ci gefensu. Takardar shaidar mallakar fili, takardar cinikin gida da shaidu suka sa hannu ko da da biro aka rubuta ta a gaban mai unguwa, rasit ɗin kuɗin ƙasa da duk wata takarda da ta fito daga KADGIS, wato hukumar filaye ta jihar Kaduna, ko tsohuwar ma'aikatar filaye, don ranar da rigima ta tashi kan iyaka ko aka ce a kawo hujja, ɗan rasit ɗin da ka raina shi ke magana. Sai takardar haihuwa, sakamakon WAEC da NECO, shaidar kammala makaranta da ta bautar ƙasa, takardar aure, takardun mota, hukuncin kotu da takardar rabon gado. Ma'aikatan gwamnati kuma, wanda Kaduna cike take da su da masu ritaya, ku riƙe takardar ɗaukar aiki ta farko da ta tabbatarwa da duk ta ƙarin girma, duk wanda ya taɓa raka tsoho wajen tantance 'yan fansho ya san yadda ake juya mutum saboda takarda ɗaya ta shekara talatin baya. Tsohon fasfo ma kar ka lalata, musamman in akwai biza a ciki, ana tambayarsa.

In takardun mamaci ne, kar a taɓa ko ɗaya sai an gama rabon gado. A ciki ne ake tsintar takardar bashin da ake binsa ko wanda yake bi, da lambar asusun da iyali basu san da shi ba, da filin da ya saya a Rigachikun ko Millennium City bai gaya wa kowa ba.

Kashi na biyu na ɗan lokaci ne. Rasit ɗin haya ka riƙe har ka bar gidan kun rabu lafiya da mai gida, in ma da hali ka ƙara shekara ɗaya a kai. Bil ɗin wuta da shaidar biya, musamman wanda bashi da mita mai kati, ka riƙe har ka tabbata ba wani tsohon bashi da zai taso. Rasit ɗin kuɗin makaranta sai yaro ya karɓi sakamakonsa a hannu. Rasit ɗin firij ko talabijin ko batirin sola sai garanti ya ƙare. Mai kamfani da rajista kuma dokar kamfanoni tace a ajiye takardun lissafi shekara 6.

Kashi na uku su za a lalata: tsohon sitatimen, ragowar littafin cek na akawun da aka rufe, takardar zuba kuɗi a banki, rasit ɗin POS, fotokofin NIN da na fasfo da na lasin tuƙi da suka yi yawa, takardar albashi ta tsofaffin watanni in ka ajiye na baya-bayan nan, CV da fom ɗin da ba a kai ba, kofin fom ɗin aikin hajji ko umara, tikitin jirgi, sakamakon gwajin asibiti da likita ya gama da shi, hotunan fasfo da suka tsufa, da ɗan littafin nan da ake rubuta PIN da lambobin sirri. Kar a manta da takardar da ake mannawa jikin kwalin kayan da aka yi oda, suna da lambar waya da kwatancen gida duk suna kai, ɓare ta kafin a ba yara kwalin.

Akwai kashi na huɗu da mu Musulmi dai bama haɗa shi da sauran, wato takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah, irin katin ɗaurin aure, tsofaffin littattafan islamiyya, kalanda. Waɗannan ko babu sirri a ciki ba a kai su bola. Malamai sun yi bayanin a ƙona su a wuri mai tsabta ko a binne inda ba a takawa, kuma suna kafa hujja da abun da Sayyidina Usman yayi na sa a ƙona sauran kofe-kofen lokacin da aka haɗa mutane kan mus'hafi ɗaya. Ka ware su, tokarsu ma a binne.

In akwai wadda kake kokwanto, ɗauki hotonta kafin ka lalata, amma kar ka bar hoton a galari cikin hotunan biki, sa shi inda ke da makulli, don waya ana kai ta gyara kuma ana sace ta.

Injin yayyanka takarda

Shireda iri-iri ce kuma bambancin ba ƙarami bane. Mai arhar ita ce mai yanka zirin-zirin a tsaye, kuma ita ce mafi rauni. A 1979 da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, ma'aikatan sun yanka takardu da irin wannan injin, Iraniyawa suka zauna suka harhaɗa zirin ɗaya bayan ɗaya har suka buga su littafi-littafi. Ba wai ɗan bola zai yi maka wannan wahalar ba, amma takardar A4 da aka yanka faɗin milimita 6 ziri 35 ne kacal, mai haƙuri da salatif zai haɗa ta da yamma ɗaya.

In zaka saya, duba jikin kwalin akwai harafin P da lamba, daga P-1 zuwa P-7, ma'auni ne na Jamus da ake kira DIN 66399 kuma yawancin kamfanoni shi suke bi. P-1 da P-2 sune masu ziri. P-4 na yanka tsaye da kwance, shafi ɗaya ya koma gutsure wajen 400, wannan ya ishi gida da ƙaramin ofis. P-5 na kai shafi ɗaya sama da gutsure 2,000. P-6 da P-7 na hukumomin tsaro ne, ɓarnar kuɗi ce a gida. Ana samu a shagunan kayan ofis da kwamfuta na wajen titin Ahmadu Bello da kewayen babbar kasuwa, kuma kace a jona a gwada a gabanka da takarda ta gaske. In tokumbo ce ka juya bayanta ka karanta, kayan Amurka wuta mai ƙarfin bolt 110 zuwa 120 suke ci mu kuma wutarmu 230 ce, kana jonawa kai tsaye zaka ji ƙauri.

Wajen aiki, in an rubuta a jikinta tana cin shafi takwas a lokaci ɗaya ka sa biyar ko shida. Cire kilif da manyan fil ɗin sitefila. Ƙananan injinan gida 'yan mintuna suke yi su ɗau zafi su tsaya da kansu, ba lalacewa bace, barinta zaka yi ta huce. Lokaci-lokaci a ɗiga man injin a jikin takarda a tura, wuƙaƙen su sha. In mai ziri ce kawai kake da ita, tura takardar ta yadda wuƙa zata ratsa layukan rubutun, don in ka tura ta a kwance kowane ziri zai fito da layi guda cikakke, lambar akawun daga farko har ƙarshe. Sannan bakin hijabi da mayafi da hannun babbar riga a yi nesa da bakinta, in an gama a zare daga soket, yatsan yaro ƙarami na shiga ramin.

Ra'ayina dai, in ba kana da kemis ko makaranta ko shagon POS ko ofishin lauya a gida ba, sayen inji don takardun da basu cika bokiti biyu a shekara ba bai taka kara ya karya ba, ga wutar ma sai an ga dama. Gara 'yan gida ɗaya ko maƙwabta su haɗa su sayi guda, ko a bi hanya ta gaba.

Jiƙawa a ruwa

Wannan ita na fi yarda da ita, ba hayaƙi ba ƙara ba kuɗi. Ka yayyaga takardun gida huɗu ko takwas, ka zuba a tsohon bokitin fenti, kar ya wuce rabi, ka zuba ruwan ɗumi ya sha kansu, ka barbaɗa omo kamar cokali biyu, ka rufe ka ajiye inda yara da awaki basa kaiwa. Bar shi ya kwana, in takardun masu kauri ne ya kwana biyu. Sai ka samu sanda ko tsohuwar muciya ka dinga tuƙawa, ka sa leda ko safar hannu ka murje da hannu har ya koma kamar ƙullun ƙosai, ba ko harafi ɗaya da ake ganewa.

Murjewar nan ita ce aikin, ba jiƙawar ba. Rubutun ƙaramar firinta mai tawada yakan narke a ruwa, amma na injin fotokofi da firintar banki hoda ce da aka manna da zafi, ko sati tayi a ruwa in ka ɗago takardar ka shanya za a karanta. Don haka sai takardar kanta ta mutu. Wasu na ƙara haifo don ya yi sauri, ba laifi, amma kaɗan, a waje inda iska ke kaɗawa, kuma kar a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

In ya dame, ka tace da tsohon buhu ko kwando, ka matse dunƙule-dunƙule. Kar ka juye a kwata ko masai, yana toshewa, kuma kowa ya san abun da toshewar magudana ke jawowa a unguwanninmu in damina ta yi nisa wajen Agusta da Satumba. Ka shanya dunƙulen a rana, in sun bushe a hura gawayi da su in ba a sa haifo ba, ko a jefa a shara hankali kwance.

Ƙonawa

Ita kowa ke fara tunawa kuma ita aka fi yi ba daidai ba. Mutum ya tara takardu tuli guda a bakin bola ya ƙyasta ashana ya juya ya tafi. Takardun da ke jere a haɗe iska bata shiga tsakaninsu, gefe ne ke ci, tsakiya na nan fari tas, in ka tona da sanda washegari zaka ga shafuka lafiyayyu. In lokacin hunturu ne kuma iskar nan ta kwashi rabin-ƙonannu ta watsa har gidan maƙwabta, wata ma da wutarta ta sauka kan danga ko busasshiyar ciyawa.

In zaka ƙona, samu babban gwangwani ko rabin duro ka huda ramuka a ƙasa-ƙasansa, ko kurfoti in takardun kaɗan ne, ka ɗora ragar waya a sama. Da sassafe kafin iska ta tashi ya fi. Nesa da janareta da jarkar fetur da tukunyar gas, bokitin ruwa a kusa. Ka dinga dunƙule takardun kana jefawa kaɗan-kaɗan, ba fetur ba kananzir, kuma kana tsaye har ƙarshe. Baƙar takardar da ta ƙone bata farfashe ba, in ka karkata ta a haske rubutun na ƙyalli ana iya karantawa, saboda haka ka dagargaza tokar da sanda ka zuba ruwa. A gidan haya mai yawan jama'a ko inda akwai mai asma ko jariri, ka haƙura da wuta ka koma bokiti. Duk abun da ke da leda a jiki ba a ƙona shi, hayaƙin ba na shaƙa bane.

'Yan ƙanana da masu taurin kai

Takarda ɗaya ko biyu almakashi ya isa, ka yanke wajen suna da lambobi ka daddatsa ƙanana, sauran shafin ba komai. Shafe lamba da baƙin alƙalamin maka baya aiki, ɗaga takardar saitin rana zaka ga lambar ta cikin baƙin. Rasit ɗin POS kuwa takarda ce mai jin zafi, ɗora mata dutsen guga ta ƙarƙashin wani ƙyalle ko takarda ta koma baƙa gaba ɗaya, kuma irinta bata dace da ƙunshin abinci ba saboda sinadarin da ke jikinta.

Silif ɗin NIN da aka yi wa laminatin ruwa baya cinsa, sai almakashi. Tsohon katin ATM ka tabbata banki sun rufe shi tukuna, sannan ka yanka ta tsakiyar ɗan ƙarfen zinaren nan, ka ratsa baƙin layin baya, ka daddatsa lambobin gaba da ukun nan na baya, ka raba gutsuren gida biyu, rabi a sharar yau rabi a ta wani satin. Tsohon sim ma a karya ta kan zinaren, sai dai karya shi bai raba lambar da akawun ɗinka ba, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar wa wani, shi kuma sabon mai layin sai ya fara ganin alat ɗinka. Ka je banki ka canja lambar kafin ka watsar da layi. Katin zaɓe ba a lalata shi.

Abun da inji ko almakashi ya yanka kar a ɗaure shi shi kaɗai a leda mai tsabta, cakuɗa shi da jiƙaƙƙiyar sharar kicin, ragowar miya, ɓawon doya, ruwan wanke-wanke, ba mai sha'awar tona wannan.

Don kar su sake taruwa

Ka ajiye kwali ɗaya mai murfi a ɗaka, duk takardar da ta gama aiki a jefa ciki, in ya cika ko lokacin sharar sallah ya zo a jiƙa. A gaya wa uwargida da yara da mai aiki cewa takarda mai suna da lamba ba a ba mai jari bola, ba a ƙunsa wa kowa komai a ciki. Ka ce banki su dinga turo sitatimen ta imel maimakon bugawa.

Sai shagon fotokofi, wanda a ganina ya fi bolar gida zubar da sirri. Ka je buga NIN ko fasfo, na farko ya fito da duhu, yaron shagon ya jefa a kwalin da ke ƙarƙashin tebur ya sake wani, kai ka karɓi mai kyau ka tafi, wancan kwalin kuma in ya cika a kilo zai tafi. Ka ce masa don Allah ɗan uwa miƙo min wanda ya ɓaci ɗin ma, ko da zaka biya kuɗinsa. In ta WhatsApp ka tura masa, ka tsaya ya goge a wayar da kwamfutar a gabanka, har cikin kwandon sharar kwamfutar. Fotokofin da zaka miƙa wani wuri kuma ka rubuta a kansa da biro, ta kan rubutun ba a gefe ba, dalilin bayarwa da kwanan wata, misali don rajistar makaranta kawai, yadda zai yi wuya a sake kai shi wani wajen.

In kuma kana karanta wannan ka tuna buhun da aka riga aka sayar watannin baya, ba a bin sa, ya tafi. Abun yi shine ka canja PIN na kati da na manhajar banki, ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe akawun cikin gaggawa ko da wayar wani ce ka rubuta ta inda zaka samu, ka leƙa ofishin kamfanin layinka su duba maka layukan da ke kan NIN ɗinka ko akwai wanda baka sani ba, sannan duk wanda ya kira yace daga banki ne, ko ya karanto maka sunan kakarka, kashe wayar ka kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka zuwa reshe da ƙafarka.